Kayan kallo sun iso, hoto tar, amma sauti ya ƙi fita ta sifiku

Angon Sharaɗa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu ilimin kayan lantarki ku taimaka min. Ranar Asabar mai zuwa za a ɗaura min aure, 'yan jere kuma ranar Alhamis za su zo, ina so kafin su iso in gama da ɓangaren kayan kallo, kada mata su gama shirya ɗaki sannan mu zo muna janye kujeru muna huda bango. Na sayi talabijin mai inci 55 a Sabon Gari, 4K ce. Sai hom tiyata mai sifiku biyar da wufa ɗaya (babbar nan mai fitar da sauti mai kauri) da yayana ya ba ni gudummawa, ya yi shekaru a wurinsa amma lafiyarsa ƙalau. Na haɗa dikoda da talabijin da wayar HDMI, hoto ya fito tar. Na ɗauko wata HDMI ɗin na haɗa talabijin da hom tiyatar, shiru. In na sa faifai a cikinsa, sauti na fita ta duk sifikun, hoton ma yana zuwa. Da zarar na koma tasha ko YouTube, sai muryar talabijin kaɗai. Tun bayan la'asar nake fama. Wayar ce ba kyau ko me?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah Ya sanya alheri, Ya ba da zaman lafiya. Bari masu abin su zo, ni ma ina da magana amma sai sun gama tasu.

Ɗan Kurna:
Ango ka sha ƙamshi. Kada ka wahalar da kanka, nemi wayar nan mai kai ja da fari, ka soka a bayan talabijin ka kai AUX ɗin hom tiyatar. Haka nawa yake tun da na saya.

Malam Habu Fagge:
Allah Ya sa albarka ango. Tun da faifai yana kawo hoto ta wannan wayar, wayar tana aiki, ka bar zarginta tukuna. Ɗauki tocila ka leƙa bayan kayan biyu ka karanto min abin da aka rubuta a gefen kowane rami. A talabijin za ka ga HDMI 1, HDMI 2, wataƙila da 3, ɗaya daga ciki an ƙara masa ARC ko eARC. A hom tiyatar kuma duba ko an rubuta HDMI OUT kawai, ko an haɗa da ARC.

Ɗan Kurna, ja da farin da ke bayan yawancin talabijin na yanzu na shigar da sauti ne, ba na fitarwa ba. Taka tsohuwa ce shi ya sa ta yi maka. Shi in ya soka a nan ba abin da zai ji.

Angon Sharaɗa:
Malam Habu na duba. Talabijin: HDMI 1, HDMI 2 da aka rubuta ARC a ƙasansa, HDMI 3, USB biyu, da wani ɗan rami mai kusurwa huɗu an rubuta OPTICAL. Hom tiyata: HDMI OUT shi kaɗai ba wani ƙari, sai AUX ja da fari, sai OPTICAL IN.

Malam Habu Fagge:
To ga matsalar nan ta fito fili. Asalin HDMI hanya ce mai tafiya gefe ɗaya: daga na'ura zuwa talabijin. Ramin da ke jikin hom tiyatarka aikinsa ya tura hoton faifai zuwa allo, bai san yadda ake karɓar sauti daga talabijin ba. A 2009 ne, da aka fito da HDMI 1.4, aka ƙara dabarar ARC, wato sautin talabijin ya dawo baya ta cikin wayar guda zuwa na'urar sauti. Amma sai ɓangarorin biyu duk suna da ita. Talabijin ɗinka tana da ita, na'urar yayanka ba ta da ita. Ko wayar zinare ka sa ba za ta yi magana ba.

Sa'ar da ka yi ita ce ramin OPTICAL ɗin nan da ke jikinsu duka biyun. Gobe ka shiga Beirut Road ko ka koma Sabon Gari ka ce a ba ka wayar optikal, wasu na ce mata Toslink. Siririya ce, ba ƙarfe a cikinta, haske take ɗauka. Kamfanin Toshiba ne ya ƙirƙiro ta tun 1983, har yau kuma tana aiki. Abu uku ka kiyaye. Kowane kai yana zuwa da 'yar hular roba, ka cire ta, mutane da yawa a nan suke maƙalewa suna ta turawa da hular. Kan yana da gefe, in ka daidaita shi za ka ji ya ce ƙas. Sannan kada ka lanƙwasa ta sosai, in zaren ciki ya karye shi ke nan. Idan ka soka gefe ɗaya a talabijin tana kunne, za ka ga jan haske a ɗaya kan, alamar tana aiki ke nan.

Dikoda ka bar ta a HDMI 1. HDMI ɗin hom tiyatar ka bar shi a 3 saboda ranar da za ku sa faifai. Duk abin da talabijin ke nunawa, tasha ce ko YouTube ko filashi, sautinsa zai bi ta optikal ya sauka a na'urar. Sai ka danna Function ko Input a rimot ɗin hom tiyatar har ka ga OPTICAL ko D.IN a fuskarsa.

Abban Khairat:
Ni fa ra'ayina daban. Mutum ya sayi 4K sabuwa dal, sai a haɗa ta da fasahar 1983? Ango, ka ajiye wannan tsohon, ka sayi sanbar, doguwar sifikar nan guda ɗaya da ake ajiyewa a ƙasan talabijin, mai eARC, wato sabon samfurin ARC. Waya ɗaya tak, rimot ɗaya, ba igiyoyi biyar suna yawo a falo. eARC ɗin da ya zo da HDMI 2.1 a 2017 yana ɗaukar Dolby TrueHD da Atmos, optikal kuwa iyakarta Dolby Digital da DTS na 5.1, wato sautin sifiku biyar da wufa ɗaya. Bambancin ba kaɗan ba ne.

Malam Habu Fagge:
Abban Khairat, abin da ka faɗa game da iyakar optikal gaskiya ne, ban musa ba. Amma ka koma ka karanta abin da ya rubuto: talabijin ɗinsa ARC ce, ba eARC ba. Ko ya sayi sanbar ɗin da kake nufi, TrueHD ba zai wuce ta wannan ramin ba. Sannan me za su riƙa kallo? Labarai, ƙwallo, finafinan Hausa, wa'azi, Arewa24. Nawa ne daga ciki aka naɗa da Atmos? Mutumin da ke cikin hidimar biki, ga kuɗin abinci ga na motocin kai amarya, ba zan ce ya je ya sake kashe kuɗi a kan abin da kunnensa ba zai ji ba. Kuma sifiku biyar na gaske da aka baza a ɗaki sun fi ƙaramin sanbar kewaye mutum da sauti, don na baya a bayanka suke, ba dabarar bugun bango ba ce.

Angon Sharaɗa:
Kuma kyautar yayana ce Abban Khairat. Ranar da ya kawo min da kansa ya ɗauko a mota daga Hotoro. Ina so in ya zo gidan ya tarar ana amfani da shi.

Abban Khairat:
To wannan kam hujja ce, na janye batun sayarwa. Amma maganar rimot tana nan. Da ARC, rimot ɗin talabijin shi ke ƙara sauti da ragewa, kuma in ka kashe talabijin na'urar ma ta mutu, saboda CEC, dabarar da na'urori ke tura wa juna umarni ta wayar HDMI. Samsung na kiransa Anynet+, LG na cewa SimpLink, Sony kuma Bravia Sync, duk abu ɗaya ne. Optikal ba ta ɗaukar wannan umarnin. Ya shirya zama da rimot uku: na dikoda, na talabijin, na hom tiyata.

Malam Habu Fagge:
Wannan na yarda da kai. Shi ne kuɗin da zai biya.

Injiniya Bala:
Na shigo a makare, amma akwai abin da ban ga an taɓo ba kuma ya fi duk wannan muhimmanci a garin nan: wuta. Ango, kafin ka soka ko ka zare kowace wayar HDMI, kashe komai daga soket. A takarda an ce ana iya sokawa kaya na kunne, amma wannan a gidan da wayarin ɗinsa ke da as mai kyau ne, wato wayar da ke kwashe ɓatacciyar wuta ta kai ta cikin ƙasa. Gidajen haya da yawa a Kano ramin soket na uku ado ne kawai, ba a haɗa shi da komai ba. Taɓa bayan dikodarka da bayan hannu ba takalmi, in ka ji tana ɗan tsikararka, to akwai wutar da ke yawo a jikin ƙarfen. Kan HDMI yana da ƙananan ƙafafu 19 a matse, wannan 'yar wutar ta isa ta ƙona ramin. Sau da yawa ana kawo min talabijin lafiyayya, hoto na USB yana yi, amma duk ramukan HDMI sun mutu.

Sai abu na biyu, tun da na'urar ta hannu ce. Duba takardar da ke manne a bayanta. In ka ga 220 zuwa 240V, ko 100 zuwa 240V, lafiya. In ka ga 120V 60Hz kaɗai, kayan Amurka ne, wutarmu kuwa 230V ce 50Hz, sai da taransifoma mai rage wuta. Na san yayanka yana amfani da shi, amma ka tabbatar ba da irin wannan taransifomar yake haɗawa ba ya manta bai haɗo maka da ita ba.

Angon Sharaɗa:
Na duba Injiniya, 220 zuwa 240 ne. Dikodar kuwa wallahi tana tsikara, jiya na ji amma na ɗauka haka suke.

Injiniya Bala:
To ka samo mai wayarin ya duba as ɗin gidan, a kafa sandar ƙarfe a ƙasa in babu. Aikin yini ɗaya ne. Kuma ka sa sitabilaiza ko aƙalla abin nan mai jinkirta wuta na 'yan mintuna bayan an kawo ta, domin lokacin da aka dawo da wuta, da lokacin da ake juyawa daga janareto, nan ne kaya suka fi ƙonewa.

Ummu Sadik:
Injiniya ya faɗi gaskiya. Mu daminar bara ta cinye mana tamu a Rijiyar Zaki. An yi tsawa da daddare, mun kashe soket mun kwanta, da safe dikoda ta mutu, ramin HDMI na talabijin ma ya tafi. Mai gyara ya ce ta wayar dish ta shigo ta bi HDMI ta wuce. Tun daga nan in hadari ya haɗo, wayar dish ɗin nake fara kwancewa kafin in kwashe shanya.

Angon Sharaɗa:
Jama'a barkanmu da yamma. Na sayo optikal ɗin, na cire hulunan, na ga jan hasken, sauti ya fito alhamdu lillahi. Sai dai abu biyu. Na farko murya tana fita biyu kamar ana amsa kuwwa. Na biyu sifikun baya ba sa cewa komai, na gaba biyu da wufa kawai ke yi.

Ɗan Kurna:
Shiga saitin sauti ka mayar da shi PCM, zai daidaita. Ni duk matsalar sauti da PCM nake maganinta.

Malam Habu Fagge:
Amsa kuwwar mai sauƙi ce: sifikun talabijin ne ke yi tare da na hom tiyata, ɗaya na riga ɗaya da ƙiftawar ido. Shiga saitin sauti, wurin da ake zaɓen inda sauti zai fita, ka ɗauke shi daga sifikar talabijin ka mayar optikal.

Batun PCM kuwa, Ɗan Kurna, a nan zan saɓa maka. PCM ta optikal layi biyu kawai yake ɗauka, hagu da dama. In ango ya bar shi a PCM, ko fim ɗin da aka naɗa da 5.1 ya sa, talabijin za ta matse shi ya koma biyu kafin ta tura, na baya ba za su taɓa samun rabonsu ba. Abin da ya dace da shi Auto ne, ko Dolby Digital, wasu talabijin ɗin suna rubuta Bitstream ko Passthrough. Ma'anarsa talabijin ta miƙa sautin a ƙulle yadda ya zo, hom tiyatar ya kwance shi da kansa ya raba wa kowace sifika nata. Dikodar ma tana da irin wannan saitin a cikinta, in tana da zaɓin Dolby ka kunna.

Ɗan Kurna:
Amma ni da na sa Auto a gidan ƙanwata wani ƙara ya riƙa yi kamar ana soya wainar fulawa, sai da na mayar PCM.

Malam Habu Fagge:
Saboda na'urarta ba ta iya kwance Dolby ba. Akwai ƙananan akwatuna masu mayar da optikal zuwa ja da fari, da sifiku masu araha, PCM kaɗai suka sani, in aka tura musu Dolby sai shiru ko wannan ƙarar. A can shawararka daidai ce. Na ango kuwa mai faifai ne mai 5.1, kwance Dolby shi ne aikinsa na asali.

Ango, ko bayan ka gyara wannan, kada ka yi mamaki in na baya sun yi shiru a labarai ko a yawancin abin da ke YouTube. Da layi biyu aka naɗe su tun asali. In kana so duk biyar su yi magana a irin waɗannan, nemi maɓallin da ke canza yanayin sauti a rimot, za ka ga Pro Logic II ko wani mai kama da shi, shi ke rarraba layi biyu zuwa sifiku biyar. Kuma a fim na 5.1 ɗin ma, na baya ba surutu suke yi kullum ba. Ruwan sama, hayaniyar kasuwa, mota ta wuce, irin wannan ake tura musu. Maganar mutane daga ta tsakiya take fita, shi ya sa ita ce ba a wasa da wurinta: daidai ƙasan allo, tana kallon mai zama, ba a cusa ta cikin durowa ba.

Baba Alhaji Gwale:
Yarana, ina karanta ku tun jiya, kuma na ƙaru. Ango, Allah Ya yi wa auren albarka. Abu ɗaya zan roƙe ka. Wannan babbar da kuke kira wufa, kada ka jingina ta da bangon da kuka haɗa da maƙwabci. Ni akwai yaron da ya tare kusa da ni, yaron kirki mai gaisuwa, amma da daddare sai in ji gadona yana rawa, alhali ba na jin ko kalma ɗaya ta abin da yake kallo. Da na yi masa magana ya yi mamaki ƙwarai, shi a ɗakinsa bai ji ya ƙure ba. Ka tuna da tsofaffi da marasa lafiya da masu tashi sallar dare.

Injiniya Bala:
Allah Ya ƙara girma Baba. Abin da kuka ji yana da dalili: sauti mai kauri yana ratsa bulo ya bi ta daɓe, siririn kuwa bango na tare shi. Ango, ka matsar da wufar kamar taku ɗaya daga bango, kada ka sa ta a lungu don lungu na ƙara mata ƙarfi, ka ɗora ta a kan kafet ko roba mai kauri. Yawancin na'urorin nan suna da yanayin dare, yana danne fashe-fashe ya ɗago magana. Bayan isha'i shi za ka riƙa sawa.

Angon Sharaɗa:
In sha Allahu Baba, na karɓa. Bangon dama ne muka haɗa da maƙwabta, zan mayar da ita hagu.

Maman Ilham:
To yanzu zan yi tawa maganar. Na yi jere ya fi a ƙirga, kuma abin da ke haɗa mu faɗa da angwaye kullum wayoyin nan ne. Mu shimfiɗa kafet mu jera kujeru, sai ango ya zo da igiya biyu ya ratsa tsakar falo da su zuwa sifikun baya. Sati guda ba a yi ba wata ta harɗe da tiren abinci. Ka sayi farar robar nan mai murfi da ake bin gefen bango da ita, a ɓoye wayoyin kafin Alhamis. Kuma ka tambayi dangin amarya ta wane bango doguwar kujera za ta zauna, kada ka kafa talabijin su zo su ce nan ne wurin shokes.

Sannan don Allah kada a kai talabijin kusa da silin. Ban san wa ya koya wa masu kafawa wannan ba, mutum ya zauna yana ɗaga wuya kamar mai duban wata. Kuma rimot ukun nan, ka zauna ka nuna wa amarya da kanka, ka manna 'yar takarda a bayan kowanne. Ita ce za ta yini a gidan da baƙi 'yan ganin ɗaki, kada yara su danne wani abu sauti ya ɗauke ta rasa yadda za ta yi har ka dawo.

Malam Habu Fagge:
Hajiya kin gama magana. Tsakiyar allo ya zo daidai idon wanda ke zaune a kujera, ko ya ɗara kaɗan saboda hannun yara. Inci 55 kuwa tazarar mita biyu zuwa biyu da rabi ta yi. Sifikun gaba su saka talabijin a tsakiya, nisansu da ita iri ɗaya. Na baya kuma ba can ƙarshen ɗaki ba, gefe da gefen doguwar kujera, su ɗan koma baya kaɗan, sama da kan mai zama.

In wayar na baya ba ta kai ba za ka ƙara, ka lura da launi: wadda ta fito daga ja ta koma ja, baƙa ta koma baƙa. In ka juya ɗaya ba abin da zai ƙone, amma sautin zai zama fayau ba nauyi. Abin da ke ƙona na'ura shi ne silin waya ɗaya ya taɓa ɗan'uwansa, don haka ka murɗe su da kyau ka naɗe da salatif.

Angon Sharaɗa:
Salam jama'a, yau Laraba, ga rahoto. Mai wayarin ya zo jiya, ashe as ɗin gidan a yanke yake, ya gyara, dikoda ta daina tsikara. Na mayar da sauti optikal, amsa kuwwa ta tafi. Na sa Auto, na kunna wani fim a filashi, sai ga Dolby D ya bayyana a fuskar hom tiyatar, da aka zo wurin ruwan sama har na waiga baya. An bi da wayoyi ta gefen bango Maman Ilham, ƙanwar amarya ta zo ta nuna inda kujeru za su zauna kafin mu huda. Saura abu ɗaya: a tashoshin dikoda bakin mai magana yana ɗan riga muryar.

Abban Khairat:
In murya ce ke makara, duba ko an sa jinkiri a hom tiyatar, ana rubuta shi A/V Sync ko Audio Delay, ka mayar da shi sifiri. Talabijin ma tana da nata a saitin sauti, dikodar ma haka. Yayanka wataƙila ya ƙara shi ne don ya dace da tasa talabijin ɗin.

Angon Sharaɗa:
Haka ne kuwa, na hom tiyatar ba a sifiri yake ba. Na sauke shi, yanzu baki da murya sun daidaita. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya biya ku. Malam Habu, Injiniya, Baba Alhaji, duk ina gayyatarku ɗaurin aure, zan turo muku katin ta akwatin saƙo.

Malam Habu Fagge:
Amin, Allah Ya kai mu. Gobe kafin 'yan jere su shigo ka zare filogin komai, ka lulluɓe sifikun da zani saboda ƙura, ka ɗauke rimot ɗin uku ka sa a aljihunka sai an watse.